Tsohon Kaya, Sabon Aiki: Yadda Sauyin Gado Ke Haifar da Sababbin Ayyuka a Jikin Halittu

Tsakure

Wannan takarda ta dubi tambayar da ɗalibai kan yi wa malamin ilimin halittu da zarar an zo kan juyin halitta: idan sauyin da ke aukuwa a DNA kuskuren kwafi ne, ta yaya kuskure zai haifar da aikin da babu shi a da? An bi misalan da aka tantance a ɗakin gwaji da kuma a jikin halittu, aka nuna cewa sabon aiki yakan fito ne daga kayan da suke nan tun tuni, ta hanyar ninkuwar ƙwayar gado, ko sauya mata lokaci da wurin aiki, ko ƙarfafuwar wani ɗan aikin gefe. Takardar ta kuma yi iƙirarin cewa cutar sikila, wadda muka fi kafa hujja da ita a aji, ba ta amsa wannan tambaya.

1.0 Gabatarwa



A wannan takarda, ƙwayar gado na nufin yankin DNA da ke ɗauke da umarnin haɗa furotin guda, ƙwayar halitta kuwa ita ce ɗan ƙaramin ɗakin da jiki ya ginu da irinsa. DNA na ɗan Adam yana da haruffa kimanin biliyan 3, iri huɗu kacal: A, T, G da C. Ƙwayoyin gadon da ke haɗa furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma wurin da suka ci bai kai kashi 2 cikin 100 na DNA ɗin ba. Duk jaririn da aka haifa yana zuwa da sauye-sauye kusan 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jikin uwarsa ko ubansa. Galibinsu ba sa cutarwa, ba sa amfanarwa. Wasu suna cutarwa. Masu amfani kuwa 'yan ƙalilan ne.

A 1859 Charles Darwin ya bayyana yadda muhalli ke tace bambance-bambancen da ke tsakanin halittu, mai dacewa ya yaɗu, marar dacewa ya ragu. Amma bai san daga ina bambancin ke fitowa ba. Aikin Gregor Mendel na 1866 ya zauna ba mai kula shi sai a 1900, surar DNA kuma sai a 1953 aka gano ta. Tacewa zaɓe take yi cikin abin da aka kawo mata. To wa ya kawo? A nan tambayar ɗalibi take, kuma tambaya ce mai kyau da bai kamata malami ya kore ta da tsawa ba.

Iyakar takardar ita ce abin da ake iya aunawa a kuma maimaita. Asalin rai da hikimar da ke bayan halitta fage ne na daban mai nasa malamai, ban shiga cikinsa ba.

2.0 Me ya sa sikila ba ta isa hujja ba

Labarin sikila sananne ne. A ƙwayar gadon HBB da ke kan kuromosom na 11, harafi ɗaya ya sauya, GAG ya koma GTG, sai amino asid na shida a furotin ɗin ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin. Linus Pauling da abokansa suka nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin haimogulobin, Vernon Ingram ya gano ainihin sauyin a tsakiyar shekarun 1950, Anthony Allison kuma ya nuna a 1954, daga bincikensa a Gabashin Afirka, cewa mai ɗauke da kwafi ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan kariya ce ta sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya ke da AS, wato kwafi ɗaya.

Misali ne mai kyau na tacewar muhalli, kuma kowa a ajinmu ya san gidan da cutar ta taɓa. Sai dai ɗalibi mai kaifin tunani zai ce: ai wannan lalacewa ce da ta zo da riba, furotin ɗin bai koyi wani sabon aiki ba. Gaskiyarsa. Haka nan rashin furotin ɗin Duffy a kan jajayen ƙwayoyin jini, wanda ya game yawancin mutanen Yammacin Afirka yake kuma kare su daga nau'in zazzaɓin da ake kira baibas: an rufe wata ƙofa ce da cuta ke bi. Idan iyakar abin da muka ba ɗalibi ke nan, zai fita da fahimtar cewa sauyin gado rushewa kawai ya iya, kuma laifin namu ne.

3.0 Ninkuwar ƙwayar gado

Matsalar a fili take. Ƙwayar gadon da ke riƙe da muhimmin aiki ba ta da sararin gwada wani abu, domin duk sauyin da ya taɓa aikin nan zai halaka mai ita. Susumu Ohno, masani ɗan Japan da ya yi aiki a Amurka, ya ba da mafita a littafinsa na 1970 kan ninkuwar ƙwayoyin gado. Lokacin da kuromosom biyu ke musayar yanki wajen haɗa maniyyi ko ƙwai, wani lokaci sukan sha bamban wurin jeruwa, sai ɗaya ya tashi da kwafi biyu na ƙwayar gado guda. Kwafi ɗaya ya ci gaba da tsohon aiki, ɗayan ya sami 'yancin sauyawa.

Hujjar tana cikin jininmu, kusa da inda sikila take. Ƙwayoyin gadon gulobin dangi ne da suka tsiro daga tushe guda: gungun alfa a kuromosom na 16, gungun beta a kuromosom na 11, da mayogulobin da ke adana iskar oksijin a tsoka. A cikin gungun beta akwai gama, wadda ke haɗa haimogulobin na ɗan tayi. Wannan ya fi na babba riƙe oksijin, shi ya sa tayi ke iya janyo iskar daga jinin uwarsa. Aiki ne na daban, daga kwafin da ya sauya. Bayan haihuwa gama takan yi ƙasa, beta ta karɓa, dalilin ke nan da alamun sikila ba su cika bayyana ba sai jariri ya kai wajen wata shida. Maganin haidiroksiyuriya da ake ba masu sikila yana ƙara yawan haimogulobin na tayi ne, haka kuma maganin Casgevy da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 yana gyara DNA ne don a sake kunna gama. Wato likitoci suna cin moriyar wani tsohon ninki.

Misali na biyu a ido yake. Yawancin dabbobi masu shayarwa nau'i biyu suke da shi na furotin mai kama launi. Birran Afirka da Asiya da ɗan Adam suna da uku. Ƙwayoyin gadon ja da kore suna jere kafaɗa da kafaɗa a kan kuromosom X, kamanninsu ya haura kashi 95 cikin 100, kuma amino asid uku ne, a gurbi na 180 da 277 da 285, suka ɗauki mafi yawan bambancin da ke tsakanin mai kama hasken nanomita 530 da mai kama na 560. A 2007 Gerald Jacobs da Jeremy Nathans suka saka wa ɓeraye ƙwayar gadon ja ta ɗan Adam, wasu daga cikin ɓerayen suka iya rarrabe launukan da 'yan uwansu ba sa iyawa. Saboda kamannin nan da kusancin wurinsu, ƙwayoyin biyu sukan cakuɗe har yanzu, abin da ke jawo makantar launi, wadda ta fi kama maza domin X ɗaya gare su.

Amma ra'ayin Ohno yana da rauni. Michael Lynch da John Conery sun nuna a 2000 cewa mafi yawan kwafin da suka ninku mutuwa suke yi, domin sauyi mai ɓatawa ya fi mai gyarawa yawa nesa ba kusa ba. DNA ɗinmu cike yake da irin waɗannan kufai, ɗaruruwa daga cikinsu na ƙwayoyin gadon jin ƙamshi ne. To me zai riƙe kwafi da rai har ya sami sabon aiki? Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce: sabon aikin yakan riga ninkuwar zuwa. Enzayim da yawa suna da ɗan aikin gefe mai rauni, wanda ba ya da amfani sai muhalli ya sauya. Idan aka buƙace shi, hanya mafi sauƙi ta ƙara masa ƙarfi ita ce yawaita kwafin, daga nan kowane kwafi ya kama gabansa. A 2012 Joakim Näsvall da Dan Andersson na Jami'ar Uppsala a Suwidin, tare da abokansu, suka ga wannan da idonsu a bakteriyar Salmonella. Sun fara da ƙwayar gado guda mai yin ayyuka biyu sama-sama, haɗa amino asid histidin da kuma tiriftofan. Cikin zuriya 3,000 ta ninku, wasu kwafin suka ƙware a wannan, wasu a wancan.

Sauron da ke cizonmu ma ya bi wannan hanya. Akwai sauyi a ƙwayar gadon ace-1 da ke kare sauron Anopheles gambiae daga wasu magungunan feshi, amma yana raunana aikin enzayim ɗin a jijiyoyinsa. A Yammacin Afirka an sami sauro masu ɗauke da kwafi biyu a jere, ɗaya tsoho mai cikakken aiki, ɗaya mai jure magani. Feshin da ya jawo wannan bai kai shekara ɗari da farawa ba.

4.0 Sauya makunni

Kowace ƙwayar gado tana da makunni, wato yankin DNA da ke ƙayyade yaushe za ta yi aiki, a wane sashe na jiki, kuma da wane ƙarfi. Ana iya samun sabon aiki ba tare da an taɓa furotin ɗin ba sam. Zan daɗe a nan, domin a nan ne muke da shaidar da aka bi daki-daki.

A ranar 24 ga Fabrairu, 1988, Richard Lenski ya zuba bakteriyar E. coli, 'yan asali guda, a kwalabe 12. Abincinsu ɗan sukarin gulukos ne da ke ƙarewa kafin yini ya raba. Kullum sai a ɗebi kashi 1 cikin 100 a zuba a sabuwar kwalba, abin da ke ba da zuriya shida da ɗoriya a rana. Bayan kowace zuriya 500 a ɗebi samfur a daskarar a firiza, kuma bakteriya takan farfaɗo in an narkar da ita. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan gwajin, domin ta ba da damar a koma baya a tashi kakanni a gwada su da jikokinsu. Mafi yawan aikin a Jami'ar Jihar Michigan aka yi shi, kuma ya haura zuriya 75,000.

A ruwan da ake renon bakteriyar akwai sinadarin sitiret mai yawa, irin wanda ke sa lemon tsami tsami, an saka shi ne don ya taimaka wajen shan ƙarfe. E. coli ba ta iya cin sitiret inda akwai oksijin, har ma wannan gazawa na cikin alamun da ake gane ta da su a ɗakin gwaji. Shekara goma sha biyar abincin nan yana gabansu ba mai taɓawa. A 2003 sai kwalba ɗaya, mai lamba Ara-3, ta yi duhu fiye da saura saboda yawan bakteriya. An zaci gurɓata ce. Bincike ya nuna jikokin na asali ne, sun fara cin sitiret, kuma samfuran firiza sun nuna abin ya soma ne wajen zuriya ta 31,500.

Zachary Blount da abokansa suka fayyace yadda aka yi a 2012. E. coli tana da ƙwayar gado mai suna citT da ke shigo da sitiret cikin ƙwayar halitta, sai dai makunninta a kashe yake muddin akwai oksijin. Wani yanki na DNA mai haruffa kusan 3,000 ya ninku, kwafin citT ya faɗo ƙarƙashin makunnin wata maƙwabciyarta mai suna rnk, wanda ke kunne a cikin oksijin. Da farko cin sitiret ɗin ɗan kaɗan ne. Daga baya yankin ya ƙara ninkuwa, wasu sauye-sauye suka biyo, aikin ya kankama. Kafin wannan, a 2008, sun tashi samfura daga zamuna daban-daban suka sake sakin su, sai aka ga waɗanda suka fito daga bayan zuriya ta 20,000 ne suka fi sake gano hanyar. Ke nan akwai sauye-sauyen share fage da suka riga, waɗanda ba don sitiret suka yaɗu ba. Matakai uku suka fito: share fage, ɓullowa, da gogewa.

An yi wa gwajin suka iri biyu. Ta farko: ai citT tana nan tun da, ba a ƙirƙiri komai ba. Haka ne, kuma wannan shi ne ainihin abin da takardar nan ke faɗa. Haɗin makunnin rnk da citT babu shi a jikin kakan, kuma ya ba jikan abincin da kakan bai iya ci ba. Masu magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Suka ta biyu ta fi nauyi. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Idaho sun nuna cewa in aka tsare E. coli da yunwa a kan sitiret zalla, takan sami wannan iyawa cikin zuriya da ba ta wuce ɗari ba. Wannan ya rage wa labarin ban mamaki, ya kuma nuna cewa jinkirin yana da nasaba da irin yanayin kwalaben Lenski. Amma hanyar da bakteriyar Idaho ta bi ita ce dai ta kunna citT, don haka bayanin yadda aikin ke samuwa bai girgiza ba.

Misalin ɗan Adam kuma a ƙwaryar nono yake. Jariri yana narkar da sukarin madara, laktos, da enzayim ɗin laktes a ƙaramin hanji. A yawancin mutane, kamar sauran dabbobi masu shayarwa, makunnin yakan yi ƙasa bayan yaye. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na manyan duniya ne nasu ke zama a kunne. A 2002 masu bincike a Finlan suka gano dalilin a Turawa: harafi ɗaya, C ya koma T, a tazarar haruffa 13,910 daga ƙwayar gadon LCT, can cikin wata ƙwayar gadon daban mai suna MCM6. A 2007 Sarah Tishkoff da abokanta suka gano wasu sauye-sauye uku na daban a wuri guda, a makiyayan Kenya da Tanzaniya da Sudan. Al'ummomi daban-daban, haruffa daban-daban, sakamako ɗaya, duk cikin shekaru ƙasa da 10,000 bayan fara kiwo. Tun a 1971 Norman Kretchmer da abokansa suka auna a Nijeriya suka ga yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos, Yarabawa kuwa galibi ba sa iyawa. Abin lura shi ne, sauyin da aka fi samu a Fulani irin na Turawa ne, ba na Gabashin Afirka ba, kuma masana suna danganta shi da tsohuwar cuɗanya da mutanen Arewacin Afirka. A gefe guda, bakteriyar da ke tsamar da nono da kindirmo tana cinye wani kaso na laktos ɗin, shi ya sa wanda madarar shanu ɗanya ke ɓata wa ciki yake iya shan fura da nono lafiya lau.

5.0 Daga inda ba a zata ba

François Jacob, Bafaranshen da ya sami kyautar Nobel, ya ce a wata maƙala ta 1977 juyin halitta ya fi kama da mai harhaɗa tarkace fiye da injiniya mai zane. Mu nan mun san shi: bakaniken bakin titi da zai yanko ƙarfe daga mataccen injin ya tada wani. Kifayen tekun Antatika sun nuna iyakar wannan harhaɗawa. Ruwan can yana kaiwa digiri 1.9 ƙasa da sifili, sanyin da zai daskarar da jinin kifi. A ƙarshen shekarun 1960 Arthur DeVries ya gano furotin a jininsu da ke manne wa ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ya hana su girma. A 1997 shi da Liangbiao Chen da Christina Cheng suka gano asalinsa: ƙwayar gadon tirifsinojin, enzayim na narkar da abinci. An riƙe farkonta da ƙarshenta, tsakiyar ta zube, wani ɗan guntu mai haruffa tara ya yi ta maimaituwa. Bayan shekara biyu aka sami kifin da har yanzu yake ɗauke da ƙwayar gadon tsaka-tsaki, rabi tsohuwa rabi sabuwa. Kifin kod na tekun Arewa kuma yana da furotin kusan iri ɗaya, amma nasa ya fito ne daga yankin DNA da a da ba ya haɗa furotin ko ɗaya.

Akwai kuma aro. Kimanin kashi 8 cikin 100 na DNA ɗinmu ragowar ƙwayoyin bairos ne da suka shiga zuriya tun da daɗewa. A 2000 aka gano cewa furotin ɗin sinsitin, wanda ke haɗe ƙwayoyin halitta su zama shimfiɗar da ke tsakanin jinin uwa da na tayi a mabiyiya, asalinsa furotin ne da bairos ke amfani da shi wajen kutsawa cikin ƙwayar halitta. Bakteriya kuwa musayar ƙwayoyin gado sana'arsu ce, ta haka jure maganin kashe bakteriya ke tsallakawa daga wannan nau'i zuwa wancan a asibitoci.

6.0 Iyakar hujjar da abin da ke gabanmu

Ya kamata a bambanta darajar shaidun nan. Na Salmonella da na E. coli an gan su suna aukuwa, akwai kakanni a firiza. Na gulobin da ido da kifi kuwa daga kwatanta jerin haruffa aka ciro su, shaida ce mai ƙarfi amma ta bin sawu. Kuma bayanin yadda furotin guda ya sami sabon aiki bai kai bayanin yadda gaɓa sukutum ta samu ba, wanda ke buƙatar ilimin girman tayi da na burbushin halittu. Malamin da ya haɗa waɗannan ya ce duk ɗaya ne ya yi wa ɗalibi ƙwange. A ɗaya ɓangaren, mai cewa sauyi da tacewa ba sa haifar da sabon aiki sai ya yi bayanin kyautar Nobel ta 2018 da Frances Arnold ta samu saboda sarrafa enzayim ta wannan hanya: a jawo sauye-sauye barkatai, a zaɓi mafi kyau, a maimaita. Masana'antun magunguna da na sabulun wanki suna amfani da irin waɗannan enzayim a yau.

Kirana ga masu koyarwa a sakandare da kwalejojin ilimi shi ne a bar sikila a babin tacewar muhalli inda ta dace, in an zo babin sabon aiki a ɗauko haimogulobin na tayi da narkar da madara, tunda duka biyun ɗalibi ya san su daga gida. Ga sassan nazarin halittu na jami'o'inmu kuma, gwaji irin na Lenski kwalba yake buƙata da firiza da wutar da ba ta yankewa da haƙuri, sauron da za a bincika ninkin ace-1 a jikinsa kuwa yana bayan ɗakin gwajin. Ina roƙon a sa batun samar da wuta mai ɗorewa ga firizojin ajiyar samfur cikin shawarwarin da za a miƙa wa hukumomin jami'o'i.